Tun a watan Agusta ake cin JAMB ko a faɗi

Duk shekara, da zarar watan Fabrairu ya kama, ƙofar gidana takan koma kamar ta mai unguwa. Bayan sallar magariba sai a yi ta sallama, iyaye da yayye, kowa da yaro a bayansa yana sunkuyar da kai. Maganar ba ta canzawa: "Malam, ga ɗanka nan. An yi masa rajistar jam, a taimaka a ɗan duba shi." In na tambayi yaron darussa huɗun da aka cike masa, wani ya lissafa, wani kuwa sai ya waiwaya ya kalli babansa, domin mai cike fom a santa ne ya zaɓa musu. In na ce ya taɓa ganin manhajar jarrabawar, sai shiru. Ya taɓa zama gaban kwamfuta? "A'a Malam, amma na iya waya." A daidai wannan lokacin, abin da ya rage a shiga ɗakin jarrabawar JAMB ta neman gurbin jami'a bai wuce mako tara ko goma ba.

Ban taɓa korar kowa ba. Mukan shimfiɗa tabarma a soro mu yi abin da ya sawwaƙa. Amma shekara goma sha uku ina koyar da Kemistiri a sakandaren gwamnati, kuma na daina ruɗin kaina: abin da muke yi a soron nan fafe gora ne ranar tafiya. Ra'ayina, wanda na sha faɗa a taron iyaye da malamai ana yi mini kallon mai neman kuɗin lesin, shi ne lokacin shirin JAMB na gaskiya shi ne dogon hutun nan da ke tsakanin aji biyu da aji uku na babbar sakandare, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Yaron da hutun nan ya wuce shi babu littafi a hannu, ba zai sake samun fili irinsa ba har ranar da zai shiga jarrabawa.

Wanda ke ganin na zuzuta, ya ɗauko kalanda mu bi shekarar ɗan aji uku tare. A Satumba ake komawa makaranta. Mako biyun farko a nome ciyawar fili da jiran waɗanda ba su dawo daga ƙauye ba suke tafiya. Wannan zangon shi kaɗai ne cikakke da ya rage wa yaro, kuma a cikinsa malamai ke tseren ƙarasa manhaja. Daga Janairu hankalin kowa ya koma kan kuɗi da bin layi: kuɗin WAEC da na NECO, jarrabawowin kammala sakandare, kuɗin fom ɗin JAMB, a nemo lambar NIN a tura wa 55019 a jira amsa, a yi kwana biyu ana sammako zuwa santar CBT, inda ake jarrabawa da kwamfuta, don a ɗauki hoto da zanen yatsu. A 2025 fom ɗin naira 7,200 ya kama, mai son jarrabawar gwaji ya biya 8,700. A gidan da ke da 'ya'ya biyu a aji uku, sai an taɓa rumbu.

A 'yan shekarun nan azumi ma ya riƙa faɗowa daidai kan makonnin ƙarshe. A 2024 an yi ƙaramar sallah ranar 10 ga Afrilu, aka fara JAMB ranar 19. A 2025 azumi ya cinye watan Maris kaf, jihohin Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi suka ba da hutu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Ba wannan muhawarar ce a gabana ba, tunda azumi yana matsawa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, zai bar wurin da kansa. Bazara ce ba ta matsawa. Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, su ne watannin da muka ware wa yaro ya zauna a ɗakin kwano, babu wuta, gumi na ɗiga a kan takarda, ya haddace karatun shekara uku. Yana fitowa daga JAMB kuma WAEC na jiransa a bakin ƙofa. A 2025 ma cikin mako guda aka fara su a ƙarshen Afrilu, WAEC ta ja har 20 ga Yuni, NECO ta karɓa daga nan. To a ina cikin wannan jerin gwanon za a cusa shiri?

Sai mu dubi ita kanta jarrabawar. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda dole ne a kan kowa, sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa ukun. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Cikin daƙiƙa 40 ɗin nan yaro zai karanta tambaya da Turanci, ya gane ta, ya karanta amsoshi huɗu, ya yi lissafi in akwai, sannan ya zaɓa. Mu malaman kimiyya mukan ɗauka Kemistiri da Fiziks ne ke kayar da yaranmu. Na daɗe a kan wannan tunanin kafin wani ɗalibina ya raba ni da shi.

Yaron nan shi ne na ɗaya a ajina. Lissafin da ke sa sauran su yi tsuru-tsuru, shi kafin in juyo daga allo ya gama. Wata rana na ba shi tsofaffin tambayoyi 40, na ajiye agogo a kan tebur, na ce minti 27 gare ka, na koma bayansa na zauna ina kallo. Sai na ga ya sa yatsa a ƙarƙashin layi yana bi, laɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshen tambaya, ya dawo farko. Wani lokacin sau uku. Fassara ta yake yi da Hausa a zuciyarsa, kuma da zarar ta fassaru, amsar ba ta ɗaukarsa ko ƙiftawar ido. Lokaci ya cika yana kan ta 22, ya ci 19 daga ciki. Ɗaya daga ukun da ya faɗi, tambayar cewa ta yi duk waɗannan daidai ne ban da guda, shi kuwa idonsa ya tsallake kalmar "ban da" ɗin. Na ɗauki takardar na karanta masa sauran 18 da bakina, ina ɗan warware masa da Hausa, ya amsa kusan duka. Ranar na gane ilimin na nan, idon ne ke tafiyar hawainiya.

Shi kuwa saurin karatu ba a haddace shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tazarar da ke tsakanin mai haɗa babbaƙu da farfaru da wanda tilawa ta zauna a bakinsa, kuma ya san babu malamin da ke rufe wannan tazarar cikin mako takwas. Kullum ne, kaɗan-kaɗan, har harshe ya saba. Yaranmu da Hausa suke tashi, da Hausa suke kwana, a aji ma mu malamai da Hausa muke bayani don su gane, kuma ban ga laifin hakan ba. Amma in ka cire darussa irin su Hausa da Larabci, da Turanci za a tambaye su komai. Lissafin da aka manta ana iya tuno shi a Maris. Karatun da bai zauna ba sai an ba shi watanni.

Sai kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya, amma har yau muna tura yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu ya taɓa mawus. 'Yar ƙanwata na cikinsu. Yarinya mai ƙoƙari, aikin jinya take so tun tana ƙarama. Da ta dawo na ce yaya aka ƙare, sai ta fashe da kuka. "Kawu, kibiyar ce ta ƙi tsayawa. In na kai ta nan sai ta gudu can." Ta ce ta kai minti goma tana kokawa da abin, kunya ta hana ta ɗaga hannu, ga agogo a saman allon yana cin lokaci tana gani. Abin da ya fi ba ni takaici, ba ta ma buƙatar mawus ɗin. An tsara jarrabawar yadda 'yan haruffa sun wadatar: A, B, C, D na zaɓen amsa, N a matsa gaba, P a koma baya, S a miƙa. Bayanin minti biyar ne. Ni kawunta malamin makaranta ne, tsakanin gidana da nasu ba a hawa mota, amma ban taɓa zaunar da ita na nuna mata ba. Na ɗauka makaranta ta yi, makaranta kuma ta ɗauka an yi a gida. Laifin nan da ni a ciki, kuma shekara guda ya ci mata, domin JAMB sau ɗaya ake yin ta a shekara, sakamakonta kuma na shekarar ne kawai.

Alƙaluman da hukumar JAMB ke fitarwa da kanta sun isa su hana mu barci. A 2024, cikin ɗalibai fiye da miliyan 1.8 da aka saki sakamakonsu, kimanin kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, waɗanda ba su kai 200 ba sun haura miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2. JAMB takan ce jarrabawarta ba ta ci ko faɗuwa ba ce, jera ɗalibai take yi daga sama zuwa ƙasa, kuma da gaskiyarta, tunda a 2025 maki 150 aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin shiga jami'a. Sai dai 150 ba ya kai yaro ajin likitanci a Bayero ko Ahmadu Bello, ba ya kai shi ajin lauya. Kwas ɗin da ya rage bayan kowa ya zaɓa yake kai shi, in ma ya kai shi. Mun kuma daɗe muna jingina da kason nan na kashi 20 da jami'o'in tarayya ke ware wa jihohin da aka ce an bari a baya a ilimin boko. Ni kunya yake ba ni, amma wannan zance ne na wata rana.

A Amurka, inda ake rubuta SAT da ACT don neman jami'a, dogon hutunsu na Yuni zuwa Agusta shi ne kakar shiri a gidaje da yawa. Yaro ya gama aji na sha ɗaya, ya yi wata biyu yana bita, ya zauna SAT a ƙarshen Agusta kafin karatun ajin ƙarshe ya danne shi. In makin bai yi masa ba ya sake a Oktoba ko Nuwamba, domin sau bakwai ko fiye ake yin ta a shekara. Su da ke da wannan sararin ba su yarda hutu ya tafi a banza ba. Mu da harsashi ɗaya ne tak a bindigar, mu ne ke jira sai kura ta shigo gari mu fara neman inda aka ajiye ta.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: hutun nasu na zaman gida ne, namu a tsakiyar damina yake faɗowa. Wani dattijo ya taɓa miƙewa a taron iyaye ya ce da ni, "Malam, in na ba ka shi a Agusta, wa zai yi mini maimai? Takardar ce za ta ciyar da mu?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin ni ma ɗan manomi ne, da kuɗin gyaɗa aka yi mini karatu. Agusta watan aiki ne, ga maimai, ga zuba taki, ga feshi, kuma a lokacin ne rumbu ke kusan ganin ƙasa. Duk wanda ya ce a cire saurayi ɗan shekara sha shida daga gona a wannan watan a zaunar da shi a aji daga safe zuwa azahar, bai san da me gidan ke rayuwa ba.

Awa ɗaya da rabi nake nema a rana, ba ƙari. Ana tashi daga gona da azahar, a ci abinci, a miƙe baya. Tsakanin la'asar da magariba yawancin samarin nan a majalisa suke, ko gidan kallon ƙwallo, ko sun duƙufa kan waya. Ranar da aka tashi da ruwa kuwa babu mai fita ko'ina. Ga gari da sanyi, ƙwaƙwalwa a sake, babu wata jarrabawa da ke bin yaro a guje. Awa ɗaya da rabi a kwana 40 awa 60 ke nan, kuma a ganina awa 60 ta Agusta ta fi awa 100 ta Afrilu albarka, don wanda ke karatu cikin tsoro rabin abin da ya zuba zubewa yake yi.

Na 'yan mata ya fi wuya, kuma ba a cika maganarsa ba. Hutu a wurinsu ƙarin aiki ne: girki, raino, wanke-wanke, talla ga wasu, Islamiyya safe da yamma. A hutun nan ne kuma a wasu gidajen ake fara zancen an kawo gaisuwa, yarinya ta dawo aji uku da rabin hankali. Uwar da ta ɗauke wa 'yarta wanke-wanken yamma na wata guda ta ce je ki ɗauki littafinki, ta yi mata abin da malamin lesin ba zai iya ba.

Kada kuma a ɗauka tallar lesin nake yi. Yawancin abin da ake kira lesin ɗin hutu, musamman a makarantun kuɗi, fara karatun zango mai zuwa ne a karɓi kuɗinsa, a maimaita shi a Satumba a sake karɓa. Wuraren share fagen JAMB kuwa sai Janairu kasuwarsu ke ci, a cusa yara maƙil a ɗaki, a riƙa karanto musu tsofaffin tambayoyi da amsoshi suna bi kamar aku. Fas kwashin, wato tsofaffin tambayoyin nan, na da amfani ga wanda ya san darasin, yana nuna masa salon tambaya da inda yake da rauni. Wanda bai sani ba haddar "amsar C ce" yake yi, a ɗan juya masa tambayar ya ɓace. Daga nan ake faɗawa hannun masu cewa a turo kuɗi za su ɗaga maki. Yaron da ya san a ransa bai shirya ba, shi ne kasuwarsu.

Abin da hutun ke buƙata ba shi da tsada. Manhajar kowane darasi na nan kyauta a shafin JAMB na intanet, haka ma kundin da ke nuna darussan da kowane kwas ke buƙata. A je kafe a bugo shafukan da suka shafi yaro, a manna masa a bango. A nan ne za a zauna da shi a yanke magana: me kake son karantawa? Mai son likitanci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji zai haɗa da Turanci, mai son injiniya Lissafi da Fiziks da Kemistiri, mai son lauya kuwa ba makawa sai da Adabin Turanci. Na ga yaron da ya ci maki mai kyau ya rasa gurbi saboda haɗin da aka cike masa bai dace da kwas ɗin ba, kuma babu wanda ya lura sai da aka fara ɗauka. A lokacin hutun nan kashi biyu cikin uku na karatun babbar sakandare ya riga ya wuce, na aji ɗaya da na aji biyu, kuma shi aka fi mantawa, don haka shi za a tono. A Kano, inda 'yan aji biyu ke rubuta kwalifayin, jarrabawar da gwamnati ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO da ita, karatun kan zama da ɗuminsa a kansu, sai a bari ya huce. Sannan kullum a karanta shafi biyu na Turanci, jarida ce ko littafin labari, da agogo a gefe, yaro ya rufe ya faɗi da bakinsa abin da ya gane.

A hutun nan kuma ya kamata a gama da NIN. Tun 2021 babu rajista sai da ita, kuma in aka sami saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakaninta da takardun makaranta, gyaran ba na kwana ɗaya ba ne. Mu kuwa da za ka ga yaro guda Muhammad ne a wannan takardar, Mohammed a waccan, Muh'd a ta uku, mun fi kowa faɗawa wannan ramin. A keɓe masa layin waya guda a adana, domin layin da aka yi rajista da shi da shi ake duba sakamako.

Kwamfutar fa? Ai akwai ta. Makarantu da dama na da ɗaki guda da aka jera kwamfutocin da wata hukuma ko wani ɗan majalisa ya kawo, an lulluɓe su da leda, an garƙame ƙofa da kwaɗo, makullin na aljihun wanda ke tsoron a ce sun lalace a hannunsa. Na koyar a irin wannan makarantar, sai ranar da baƙi za su zo ake kaɗe ƙura. Duk Fabrairu kuma za ka ga hotunan 'yan siyasa a Facebook suna raba fom ɗin JAMB kyauta, yara sun jeru, kowa ya ɗaga takarda sama. Allah ya saka da alheri, ana rage wa iyaye nauyi. Amma wannan kamar ka biya wa yaro kuɗin shiga filin dambe ne alhali bai taɓa naɗe hannu ba. Da rabin kuɗin nan za a kashe a Agusta, a sayi man janareta ko a gyara sola, a ba malamai uku ko huɗu da ɗaliban jami'ar da ke gida ɗan na sabulu, a buɗe ɗakin nan awa biyu kullum da yamma, da an ga bambanci a takardar sakamako. Matsalar ita ce lesin ɗin Agusta ba ya kyau a hoto. Ga shi kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar a 2025 cewa WAEC da NECO su ma kwamfuta za su koma, ledar nan kuwa tana nan inda take.

Wannan kason iyaye da makarantu da 'yan siyasa ke nan. Ita ma hukumar tana da nata, kuma shi ne babba. Wane dalili ne ya sa ake gwada yaro kan karatun sakandare kafin ya gama sakandare? Afrilu a cunkushe take, alhali daga ƙarshen Yuli, bayan NECO, yaran nan zaman kashe wando suke yi wata da watanni suna jiran gurbi. Ana cewa jami'o'i na buƙatar sakamako da wuri don su fara ɗauka. Wace jami'ar? Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kalandar jami'o'in gwamnati ta tarwatse, kowace na bin tata. Sakamakon JAMB cikin 'yan kwanaki yake fitowa tunda na'ura ke makin, kuma gurbin ɗan aji uku ba ya tabbata sai sakamakon WAEC ko NECO ya fito an ga kiredit biyar ɗinsa, wanda sai Agusta ko Satumba ke nan. To saurin Afrilun na mene ne?

Abin da ya faru a 2025 ya nuna kalandar ba ta da wurin numfashi. Tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a santoci 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ranar 14 ga Mayu ya ɗauki laifin har da hawaye, abin da ba mu saba gani daga shugabanni ba, kuma na yaba masa. Amma da aka tashi sake jarrabawar, bayan kwana biyu aka fara, a tsakiyar WAEC, domin babu wani filin. Wannan karon Legas ce da gabas, wani karon ba a san inda za ta faɗa ba.

Da za a ji tawa, zama biyu za a riƙa yi a shekara. Ɗaya a lokacin da aka saba, saboda waɗanda suka gama sakandare tun bara suna gida, su babu WAEC a gabansu. Ɗaya kuma a ƙarshen Agusta, bayan NECO, saboda 'yan aji uku. Wanda ya zauna duka biyun a ɗaukar masa makin da ya fi. Za a ce mai kuɗi ne zai ci riba tunda shi zai iya biya sau biyu, kuma ko a Amurka ana wannan ƙorafin. Gaskiya ne, shi ya sa na tsaya a biyu. Amma tsarin yanzu wa yake yi wa daɗi? Ɗan mai kuɗi in bai ci ba, akwai jami'o'in kuɗi masu sauƙin maki, akwai karatun share fage irin su IJMB, akwai ƙasashen waje. Ɗan talaka in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi ranar jarrabawa, ko motar da ta ɗauko shi tun asuba ta lalace a hanya, shekara ta tafi. An sha kawo ƙudiri a Majalisar Tarayya na tsawaita ran sakamakon zuwa shekara uku ko fiye, bai zama doka ba. Kafin Abuja ta motsa, hutun aji biyun nan shi kaɗai ne a hannunmu.

Hutun da ya wuce na gwada abin a soron gidana. Na bi iyayen 'yan aji biyu na unguwa gida-gida, mutum goma sha ɗaya, na ce kyauta ne, bayan la'asar. Biyar suka turo. Ɗaya daga cikin yaran ɗan dattijon nan ne mai maganar maimai. Yakan zo da taɓo a dugadugansa, ya wanke hannu da buta ya goge a riga kafin ya taɓa tsohuwar laftof ɗina, wadda batirinta ba ya wuce minti 40, yara biyar suna karɓa-karɓa. Ranar farko shafi guda na jarida ya ɗauke shi minti tara, da na tambaye shi abin da ya karanta ya yi murmushi kawai. A makon ƙarshe ya karanta irinsa cikin biyar, ya faɗa mini labarin tas, ya ɗago ya ce, "Malam, a ƙaro wani."

Sauran shidan ina sa ran ganinsu a Fabrairu, bayan magariba, tare da iyayensu.